Gadon da ba mai zuwa dubiya

Duk wanda ya taɓa jinyar wani a asibitocinmu na gunduma a nan arewacin Gana ya san yadda aka raba aikin. Asibiti zai ba ka gado, da likita, da nas, da magani in akwai shi. Abin da ya rage na mai jinya ne. Shi zai kawo koko da safe da tuwo da dare, shi zai wanke zane, ya riƙe maras lafiya zuwa bayan gida, ya ruga kemis ya sayo abin da katin inshora bai ɗauka ba, ya kira nas idan ruwan da ake ƙarawa ya ƙare. In dare ya yi ya shimfiɗa tabarma a baranda, shi da sauro. Haka abin yake a Chereponi, haka yake a Yendi da Salaga da Bawku. Ba a rubuta wannan tsari a ko'ina ba, amma a kansa asibitocin suke tafiya.

To, shi wanda ba shi da mai jinya fa?

Ku shiga ɗakin kwanciya lokacin dubiya ku duba da kyau. Za ku ga gado ɗaya mutum goma sun kewaye shi, ga kwanukan abinci, ga shayi, ana ta sannu ana addu'a. Gadon da ke kusa da shi kuwa ba kowa. Mai shi ya juya fuska bango don kada a ga yana kallon abincin mutane. Wani tsoho ne da aka kawo a motokin daga ƙauyen bakin kogin Oti, ɗansa ya ajiye shi ya koma gona saboda damina ba ta jira. Wata yarinya ce da ta dawo daga kayayo a Ankara ko Kumasi da ciwo, danginta ba su ma san ta dawo ba. Wani Bafulatani ne da maciji ya sara a daji, ba ya jin Anufo, ba ya jin Dagbani, balle Turanci. Wani ya tsallako daga Togo. Wani direba ne da haɗari ya rutsa da shi, gidansu na can kudu. Wani kuma turo shi aka yi daga Chereponi zuwa Yendi, daga Yendi zuwa Tamale, kuɗin motar mutum ɗaya kawai gidan ya iya haɗawa, shi ma kwana uku ya yi guzurinsa ya ƙare ya koma.

A Bawku abin ya ƙara tsanani. Tun ƙarshen 2021 garin yake fama da dokar hana fita, an kuma taƙaita hawan babur, sannan akwai unguwannin da mutum yake tsoron ratsawa don kawai asalinsa. Mu ma a Chereponi mun ɗanɗana irin wannan a rikicin 2019. Idan gari ya rikice, maras lafiya na cikin waɗanda suka fi shan wuya, domin mai kawo masa abinci ne hanya take rufewa.

Shawarar da nake son mu tattauna ita ce: ɗalibanmu masu karatun likita da nas da ungozoma su ɗauki wannan gado a matsayin nasu. Su ware awa ɗaya ko biyu a mako, da izinin asibiti kuma bisa tsari, su je su zauna da waɗanda ba a zuwa dubawa. Mu kuma mutanen zango mu tsaya musu da abin da muke da shi.

Na san wani zai ce, Malam, ina muka ga makarantar likita a Chereponi? Babu, gaskiya ne. Amma ɗaliban suna zuwa mana. Jami'ar UDS da aka kafa a Tamale a 1992 an gina ta ne a kan cewa ɗalibi ya fita daga aji ya shiga cikin jama'a, shi ya sa ake tura ɗalibanta ƙauyuka su yi makonni a zangon karatu na uku. Makarantar likitancinta, wadda ta fara a 1996, tana da shirin da ake kira COBES, inda ɗaliban likita suke zama a ƙananan garuruwa suna aiki da asibitocin wurin. Ga kwalejin kiwon lafiya a Yendi, ga ta nas da ungozoma a Kpembe kusa da Salaga, ga ta Nalerigu kusa da asibitin Baptist, ga ta Presbyterian a Bawku. Duk waɗannan suna tura ɗalibai asibitocin gunduma koyon aiki. Sannan ga yaranmu na gida da ke karatu a Tamale da Kumasi da Ankara da Cape Coast, waɗanda suke dawowa hutu su zauna a bes ana shan ataya har hutun ya ƙare. Mutanen suna nan. Abin da babu shi ne wanda zai haɗa su ya ce ga aiki.

Kada a ɗauka zama da maras lafiya lallashi ne kawai. A 1999 wata likita a jami'ar Yale ta Amurka, Dakta Sharon Inouye, ta fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi a kan tsofaffi 852 masu shekara 70 zuwa sama da aka kwantar a asibiti. Abin da suke son ragewa shi ne ruɗewar hankali da ke kama tsoho idan ya kwana biyu a gadon asibiti, irin wadda mu a nan in muka gani sai mu ce Baba ya fara sambatu, wasu ma su ce iska ce. A cikin masu aikin har da 'yan sa kai da aka horar. Aikinsu kuwa? Su tuna wa tsohon yau wace rana ce da inda yake, su yi hira da shi, su taimaka masa ya ɗan taka, su ga ya sha ruwa, su miƙa masa tabaransa, su taimaka ya samu barci ba tare da ƙwaya ba. A ɓangaren da aka yi jinya yadda aka saba, mutum 15 cikin 100 ne suka ruɗe. A ɓangaren da aka yi wannan hidima, kusan 10 ne cikin 100. Daga nan shirin ya bazu zuwa asibitoci masu yawa. Ku duba jerin nan da kyau, ba abin da ke buƙatar inji ko dala. Duk abin da jika nagari yake yi wa kakansa ne.

Akwai kuma wata nas mai suna Sandra Clarke a garin Eugene na jihar Oregon. Wani dare wani tsoho da ke bakin mutuwa ya roƙe ta ta zauna da shi. Ta ce bari ta zagaya sauran marasa lafiya ta dawo. Kafin ta dawo ya cika, shi kaɗai. Abin ya tsaya mata a rai har a 2001 ta kafa wani shiri na 'yan sa kai, wanda sunansa ke nufin kada kowa ya mutu shi kaɗai. Ita wannan nas ba sakaci ta yi ba, aiki ne ya yi mata yawa. Nas-nas ɗinmu da ke riƙe ɗaki guda su biyu da dare sun san wannan hali fiye da kowa.

Mu ai ba sai Amurka ta koya mana dubiya ba. Tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa duba maras lafiya na cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan'uwansa. Ya zo a Sahihu Muslim cewa ranar ƙiyama Allah zai tuhumi bawa a kan wani bawan nasa da ya yi ciwo bai je ya duba shi ba. Kuma ya tabbata Manzon Allah (SAW) ya je duba wani yaro Bayahude da ke yi masa hidima. Wato ladar ba ta tsaya ga ɗan unguwarku ko ɗan masallacinku ba.

Amma mu faɗa wa kanmu gaskiya, dubiyarmu tana bin sanayya ne. In Alhaji ya kwanta, sai nas ta yi ta korar mutane. In baƙo ya kwanta, ba wanda ya sani. Abin mamaki, in wannan baƙon ya rasu aka ce Musulmi ne, kafin azahar an samu likkafani, an samu masu wanka, matasa sun haƙa kabari, sahu ya cika. Allah ya saka da alheri, wannan hali ne mai kyau. Sai dai mutumin nan ya yi kwana goma a kan gado yana kallon silin, a cikin garin nan namu, muna wucewa ta bakin asibitin kullum. Rabin mutanen da suka yi masa salla, da ɗaya daga cikinsu ya je ya ce masa sannu tun yana ji, da ya fi masa daɗi.

Akwai kuma irin ziyarar da ƙungiyoyinmu suka saba, musamman gab da salla. A ɗinka riga iri ɗaya, a sayi sabulu da Milo da takardar bayan gida, a jera a bakin ɗaki, shugaba ya yi jawabi, a ɗauki hoto, minti 20 an watse. Da yamma hoton yana Facebook, har da fuskar wata baiwar Allah da ba ta ɗaura ɗankwali ba, wadda ba wanda ya tambaye ta ko ta yarda. Sabulun yana da amfani, ba na rainawa. Amma wanda ya yi mako bai yi hira da kowa ba, sabulu ba zai tambaye shi yaya ya kwana ba. Zumunci a ƙafa yake, kuma ƙafar sai ta dawo gobe da jibi.

Shi ɗalibin me zai samu? Ni malamin makaranta ne, bari in yi misali da abin da na sani. A kwalejin horar da malamai an koya mana tsara darasi da yadda ake riƙe aji. Amma abin da ya sa yaro yake barci a aji ƙarfe tara na safe, ba a littafi ake ganinsa ba. Sai ka fita koyon aiki, ka zauna a ƙauye, ka ga yaron ya ɗebo ruwa tun asuba, ya yi tafiya mai nisa, cikinsa ba komai. Daga ranar ba za ka ƙara ɗaga masa murya yadda ka saba ba. Haka likita. A ɗakin ganin likita layi ya yi tsawo, 'yan mintoci ne kowa yake samu, sai a tambayi ina ke ciwo a rubuta magani. Amma ɗalibin da ya zauna awa guda a gefen gado zai ji dalilin da ya sa aka kawo matar nan a makare: an fara zuwa wurin mai maganin gargajiya, rafi ya cika ya raba hanya, maigidan ba ya gari kuma ba mai ikon cewa a tafi, sai da aka jira ranar kasuwa aka sayar da zabi. Zai gane cewa mutumin da ya daina shan magani ba taurin kai ba ne, an ce ya sha bayan cin abinci sau uku, shi kuwa sau ɗaya yake ci. Likitan da ya ji irin wannan tun yana ɗalibi, da wuya ya daka wa talaka tsawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Kuma kowace shekara muna jin shugabannin kiwon lafiya na yankunan arewa suna kuka cewa an turo likitoci sun ƙi zuwa. Dalilan suna da yawa: hanya, gidan zama, makarantar yara, tsaro. Hira da marasa lafiya ba za ta gyara titi ba. Amma mutum ya fi saurin komawa inda ya san mutane da sunansu, inda wata tsohuwa ta taɓa riƙe hannunsa ta sa masa albarka.

Yanzu ga abubuwan da za a iya faɗa a kan wannan shawara, kuma suna da nauyi.

Na farko, karatun likita ba wasa ba ne, yaran nan ba su da lokaci. Haka ne. Shi ya sa na ce awa ɗaya ko biyu a mako, kuma a ɗaga musu lokacin jarrabawa. In ɗalibai 10 suka raba kwanaki, ba wanda zai ji nauyi. Kuma ya zama na ganin dama. Ranar da aka ce sai ka yi za a ba ka maki, ranar abin ya mutu, domin maras lafiya yana gane wanda ya zo don shi da wanda ya zo cike takarda.

Na biyu, wannan ai rufa wa gwamnati asiri ne, ita ya kamata ta ɗauki ma'aikata isassu. Ni ma ina cikin masu cewa a ɗauki nas-nas ɗin da suka gama karatu suke zaune a gida, a gyara hanyoyinmu, a biya asibitoci kuɗin inshora a kan lokaci. Ba za mu daina faɗa ba. Amma ko an ninka ma'aikata, nas ba za ta zauna awa guda tana jin labarin shanun wani ba, kuma bai kamata a ce sai ta yi ba. Wanda ke kwance yau kuma ba zai iya jiran kasafin kuɗin baɗi ba.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna: ɗalibi yana iya yin ɓarna. Maras lafiya da ya ga farar riga zai ce Dokita, wannan ciwon zan tashi kuwa? Yaro ɗan shekara ta biyu, don kada a ce bai sani ba, sai ya faɗi abin da ba hurumin sa ba. Ko ya ga ɗiyar maƙwabcinsu a gado, ya leƙa folda, kafin magariba labari ya zaga zango. A ƙaramin gari irin namu, wannan kaɗai ya isa ya kashe aure. Saboda haka dole a yi ƙa'ida tun kafin a fara, kuma a rubuta ta.

Ga yadda nake ganin ta. Ba mai shiga sai da izinin shugaban asibiti da babbar nas, kuma nas ɗin ɗakin ce za ta nuna gadon da ke buƙata. A tambayi maras lafiya ko yana so, in ya ce a'a a ba shi lafiya. A bar farar riga a gida, a faɗa masa a fili cewa ni ɗalibi ne, hira na zo. Ba taɓa magani, ba buɗe folda, ba fassara sakamakon gwaji. Duk tambayar da ta shafi ciwon a kai wa nas. Ba hoto, ko ɗaya. Abin da aka ji a ɗakin ya tsaya a ɗakin, kuma yarjejeniyar haƙƙin marasa lafiya ta hukumar lafiya ta Gana ma ta tanadi wannan sirri. Mata su je wurin mata, maza wurin maza. A wanke hannu kafin da bayan, mai mura ya zauna a gida, ɗakin da aka keɓe saboda ciwo mai yaɗuwa kuma a bi umarnin ma'aikata. Sannan gadon asibiti ba wurin wa'azi ba ne, ba wurin siyasa ko maganar wane ne mai ƙasa ba. Wanda ya nemi addu'a a yi masa. In Kirista ne yana son fasto ko fada, a kira masa. In Bakonkombe ne ko Bakusase ko Bamamprushe, sannu ɗaya ce.

Aikin kansa mai sauƙi ne. Ka gaida mutum, ka ja kujera ka zauna, ka saurara fiye da yadda kake magana. Ka ara masa waya ya kira gida. Ka cika masa gorar ruwa. Ka faɗa masa yau Laraba ce, an yi ruwa jiya, masara ta fara bunni. In bai iya ɗaga cokali ba, ka nemi izinin nas ka taimaka. In ba ya son magana, zaman ma ya isa.

Mu mutanen zango kuma ga namu rabon. Babban abin da muke da shi wanda ɗalibin da ya zo daga kudu ba shi da shi, shi ne harshe. A zangon Chereponi ko na Yendi ba wuya ka samu mutum ɗaya mai jin Hausa da Anufo da Dagbani, wani har da Fulatanci ko yaren Mosi. Irin waɗannan su raka ɗaliban su yi tafinta, su ma su bi ƙa'idar sirri. Limamai su ware ko da sidi kaɗan ne daga abin da ake tarawa ranar Juma'a, a riƙa sayen koko da katin waya, a biya wa wanda aka sallama kuɗin mota. Ƙungiyoyin iyayenmu mata da ke iya haɗa kuɗin yayi cikin mako guda, su karɓi ɗakin mata. Sarkin zango da magajiya su sa baki wurin hukumar asibiti, domin wasiƙar da manya suka sa wa hannu ta fi saurin samun amsa. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta GMSA tana da rassa a makarantu da yawa, tana iya jan ragama, amma ta buɗe ƙofa ga abokan karatunsu Kiristoci, don gadon da muke magana a kai ba shi da addini ɗaya.

Wannan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Zamanin da Salaga take babbar kasuwar goro, kafin yaƙin 1892 ya watsa ta, fatake suna tasowa daga Kano da Katsina da Barno, tafiyar watanni, su sauka a garin da ba su da kowa. Maigida ne yake ba su masauki, ya yi musu tafinta, ya tsaya musu a ciniki. Kalmar zango kanta ma'anarta ke nan, inda matafiyi yake sauke kaya ya huta. Kakanninmu baƙi ne da wani ya karɓa. Yau baƙon da ya fi kowa buƙatar maigida yana kwance a asibiti.

Ba sai an jira taro a Tamale ko tallafi daga waje ba. Hutun nan mai zuwa, ɗalibai biyar a Chereponi su rubuta wasiƙa ɗaya, su kai wa shugaban asibiti tare da dattijo ɗaya da uwa ɗaya. A sayi littafi a rubuta wa zai zo ran Talata, wa zai zo ran Asabar. A gwada wata uku, sannan a zauna da nas-nas a tambaye su, abin nan ya taimaka ko ya ƙara muku aiki? In ya taimaka, a aika wa Yendi da Salaga da Bawku yadda aka yi. In akwai gyara, a gyara.

Ku iyaye masu yara a makarantun lafiya, in sun dawo hutu ku tambaye su wannan magana. Ku kuma ɗalibai, wata rana za a kira ku Dokita, za a miƙe tsaye in kun shigo, lokacinku zai yi tsada. Yanzu ne kuke da damar jan kujera ku zauna.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya zaunar mana da garuruwanmu lafiya. Amin.